An Yanke Ango, An Bar Gona

Jama'ar wannan zaure, salamu alaikum. Wanda ya shigo yau bai ji farko ba, bari in tsakuro masa. Sunana Maharazu, dillalin shinkafa a Kura, ina kuma taɓa noman rani ta wajen Bunkure. Matata ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, gida ya yi mini faɗi. Sai Allah ya haɗa ni da Baraka, wadda ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ta ce ta yarda. Mahaifiyarta, Inna Hajara, ta ce ba ta ƙi ba. Amma magana tana hannun ƙanin Baraka, Jamaluddeen, don shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, baffanni kuma sun ce ba za su ɗaura ba sai ya ce to. Shi kuwa yana Maleshiya, ya je karatu ya zarce da aiki. Da aka gaya masa ga wanda ya fito, sai ya ce bai tuna fuskata ba, a ɗauko ni a bidiyo ya gani.

Ni da na tsufa ina soka buhu ina zuba ƙwaya a tafin hannu in ce wannan ta yi, wannan da tsakuwa, yau ni za a zuba a tafi a hura. Na haɗiye. Mai nema ba ya fushi.

Abu ɗaya za ku riƙe don ku gane abin da ya biyo baya. Mahaifinsu ya bar musu gona a bakin kanal, daidai inda ruwa yake fara sauka. Tawa tana bayanta. Duk ɗigon da zai shiga kuyyar gonata sai ya ratsa ta tasu. Na daɗe ina karɓarta haya a hannun Inna Hajara ina haɗawa da tawa, kuma zuwa gidan a kan maganar hayar ne ya sa na fara ganin Baraka tana tankaɗe a tsakar gida.

Mai ɗaukar bidiyon sunansa Lukmanu, yana da shago a bakin tasha inda yake haɗa faifan biki da suna. Siriri ne mai yawan dariya, da haƙorin Makka guda, alhali iyakar tafiyarsa Zariya. Ranar ɗauka na fito da shaddata ruwan toka da na ɗinka tun sallar bara ban sa ba, da hula zanna mai ruwan ƙasa, da takalmi sau-ciki da yake matse mini ɗan yatsa. Na sa aka share tsakar gida har bayan turken awaki, aka sauya labulen ɗaki, aka ɓoye tsohon bokitin da ya fashe. Na feshe jikina da turare.

"Alhaji, kyamara ba ta jin ƙamshi," in ji Lukmanu.

"Kai ai kana ji. Yi aikinka."

Ya ɗauke ni a ƙofar gida, ya ɗauke ni a ɗaki ina riƙe da carbi, ya bi ni injin casa inda nake zama da abokan sana'a. Na tsaya na yi jawabi mai kyau, na faɗi sunan ubana da na kakana, na ce ni ba yaro ba ne, na san darajar mace, Baraka ba za ta yi kuka a gidana ba sai dai na albasa. A ƙarshe muka leƙa gona kaɗan don a ga ba zaman banza nake ba.

Da muka gama na ce, "To wa zai kai masa faifan? Ka san mai zuwa Maleshiya?"

"Ba wanda zai je, Alhaji. Ba a buga faifai tukuna. Zan tsara shi a kwamfuta kashi-kashi, kowane kashi da maɓallinsa, ka danna ya kai ka inda kake so. Sai in shiga Kano in ɗora shi a intanet, in tura masa mabuɗin shiga. Ya kalla a can, ya rubuto a ƙasa, nan a yanke, nan a ƙara. Ranar da ya ce ya yi, ranar za a buga a faifai."

"Wato kamar samfurin shinkafa da ake kai wa mai saye a leda."

"Kamar haka."

"Samfurin leda dai ba ya dawowa a ce a gyara masa fuska."

Ya yi dariya har haƙorin ya haska. Da yamma saƙon Baraka ya shigo wayata: "Dillali, Lukmanu ya nuna mana kaɗan. Inna ta ce hular ta fi ka ƙuruciya. Ni dai ban ce komai ba." Na karanta na sake karantawa, har mai shayi ya tambaye ni ko kyauta na ci.

Bayan 'yan kwanaki Jamaluddeen ya kira ni da kansa. Wayar ƙasar waje, ka yi magana sai ta yi tafiya ta dawo.

"Baba Maharazu, ina wuni."

Baba. Ku lura da wannan. Mutumin da yake neman yayarka ba Baba ba ne, Yaya ne ko Alhaji. Yaron ya san abin da yake yi.

"Lafiya lau, Malam Jamalu. An ga saƙo?"

"Na gani, masha Allah. Gida ya yi kyau. Akwai 'yan gyare-gyare kawai, na rubuta wa Lukmanu. Ba wani abu ba ne."

"Ni za a gyara ko bidiyon?"

Sai ya ce katinsa zai ƙare.

Gyaran farko, in ji Lukmanu, jawabina ya yi tsawo, a rage. Na ce a rage, dama kakana ba zai ji haushi ba. Sai kuma a ƙara gona, don bai ga yadda take da kyau ba. Na ce yaro ne yana kewar gida, ƙasar mutane ba ta da kanal. Muka koma da Lukmanu a kan babur, ya ɗauki tumatir yana fure, ya ɗauki ruwa yana gangara.

Gyara na biyu, a cire wajen injin casa, ƙara ta yi yawa. A ɗauko bakin kanal sosai, a nuna ƙofar ruwa da tiyon da ake jan ruwa da shi, a nuna ko simintin ya tsage.

Gyara na uku, a tsaya a kan titi a ɗauko hanyar da ta shigo gonar tun daga kwalta, a hankali, mota tana tafiya.

A nan na ajiye kofin shayina. Jama'a, na yi aure, na aurar, na je nema wa mutane aure ya fi a ƙirga. Dangin mace suna tambayar asali, suna tambayar sana'a, suna tambayar ko mutum yana sallah, masu ƙwaƙwa su tambayi ko yana da ciwon da yake ɓoyewa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi tsagewar siminti ba. Da walakin, goro a miya.

Sammani, abokina tun muna dakon buhu, shi ya fara sa mini wani zargin daban. Muna zaune a inuwar injin casa ya ce, "Kai dai ka cika wauta da tsufa. Wa yake shiga gidan su Baraka yanzu safe da yamma da sunan nuna gyara?"

"Lukmanu."

"Yana da mata?"

"Ba shi da."

"Kai kana da furfura, shi yana da kyamara. Ka ba kura ajiyar nama, ka kuma biya ta kuɗin mota. Wa ya sani ko a can intanet ɗin ya sa ka kana tari, ko ya ɗauko ka ta ƙeya inda sanƙon yake?"

"Sanƙon ubanka."

"Nawa ai an san shi, ba a kai shi Maleshiya ba."

Na yi dariya a fuska, amma maganar ta zauna mini a ciki kamar ɗanyen wake. Na fara lura. Lukmanu ya sayi sabuwar riga mai dogon hannu. Lukmanu ya daina kallona ido cikin ido in muna magana. Na tura wa Baraka saƙo: "Mai kyamara yana yawan zuwa." Ta amso: "Kai ka ɗauke shi aiki, ba ni ba. Ka ci abinci?" Amsa ce mai santsi, ba ka kama ta ta ko'ina.

Sai na yi abin da dillali yake yi in ya ji buhu bai yi masa nauyin da ya kamata ba. Ba ya tambayar mai kaya, sai ya kwance bakin buhun. Ranar da Lukmanu zai shiga Kano ɗora gyara na uku, na riga shi zuwa tasha, na zauna a gaban mota.

"Alhaji, ina zuwa?"

"Inda za ka. Ina so in ga intanet ɗin nan da idona kafin in mutu."

Fuskarsa ta sauya. Tun daga Kura har muka shiga gari bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

Wurin wani bene ne, ɗaki mai zafi, janareta yana kuka a ƙasa, kwamfutoci a jere kamar masu jiran liman, samari sun sunkuya kowa da tasa. Lukmanu ya karɓi wuri, ya danna nan ya danna can, muka zauna muna jira abu ya buɗe. Ya daɗe ƙwarai. In da shinkafa ce da ta nuna an sauke.

Da ya buɗe, sai ga shafin farko na faifan. Ranar da ya fara nuna mini shi a shagonsa, hotona ne a tsakiya da hular nan, furanni sun kewaye ni, da maɓalli uku: gida, sana'a, jawabi. Yau babu furanni. Hoton ruwa ne yana sauka daga kanal, kore shar a bayansa. Rubutun duk ya koma Turanci. Bokona bai yi nisa ba, amma na iya gane lamba, na kuma ga an rubuta faɗin gonar a sama.

"Karanta mini maɓallan."

"Alhaji..."

"Karanta. Ba kyauta kake yi ba."

Ya share gumi. "Na farko, hanyar shiga. Na biyu, ruwa. Na uku, ƙasa da amfanin gona. Na huɗu, maƙwabta."

"Ni ina ina?"

Ya danna na huɗu. Sai ga ni. Ba shadda, ba hula zanna, ba jawabi. Ya ɗauko ni ban sani ba, na naɗe wando zuwa gwiwa ina gyara kuyya, laka har ƙauri. Ko minti ban yi ba aka wuce ni zuwa gonar wani Bafulatani da take kudu.

Wato an tura ni neman aure, na dawo a maƙwabci.

Wani abu ya sauka daga ƙirjina, wani ya hau. Lukmanu ba Baraka yake nema ba, wannan ya fita. Kunyar da yake ji ce ta hana shi kallona. Amma abin da ya rage ya fi wancan nauyi.

"Wannan rubutun na ƙasa, duk Jamalu ne ya yi?"

"Wasu shi ne."

"Sauran fa?"

"Ya ce in ba wani mutum mabuɗi shi ma. Ban san shi ba. Wani Alhaji ne a Kumbotso, an ce yana sayen gonakin rani yana haɗawa."

"Me ya rubuta?"

"Yana tambaya wata nawa ruwa yake yi a shekara. Da ko babbar mota za ta iya juyawa a bakin gonar. Da ko akwai mai haya a ciki, in akwai yaushe zai fita."

Na jingina da kujera. Biri ya yi kama da mutum. Yaro yana zaune a ƙasar mutane, ya rasa yadda zai nuna wa mai saye gonar gado ba tare da gari ya ji ba, sai ga tsoho ya zo da kansa, da turarensa, ya ɗauko mai kyamara ya biya. Ni na yi masa tallan. Ni da ake kira a raba gardamar ciniki daga Kura har Kwanar Gafan.

Amma har ga Allah, a motar dawowa ba kaina nake tunani ba, ko kuma haka na gaya wa kaina. Baraka nake tunani. Tana da kaso a gonar nan, da shi take ciyar da 'yarta. Ƙaninta zai sayar a bayan idonta, ya aiko mata da abin da ya ga dama. Na ce to, ga ranar da za ta san ta samu namiji. Na shirya maganata tsaf, har inda zan yi shiru in girgiza kai.

Washegari bayan la'asar na je. Aka shimfiɗa mini darduma a soro, aka kawo zoɓo mai sanyi a jug da ƙosan rogo a faranti. Ta ɓata lokaci kamar kullum, sannan ta fito cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗaurin ɗankwali ya ɗan karkata, mayafi fari a kafaɗa, sabon lalle a yatsu. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno can gefe, ta gaishe ni.

"Dillali, yau fuskar ba ciniki. Shinkafa ta faɗi?"

"Baraka, magana na zo da ita, ki daure."

"Ina ji."

Na kwashe duka na gaya mata. Bene, kwamfuta, maɓallai, Alhajin Kumbotso. Na kai inda zan girgiza kai, na girgiza. Ina jira ta dafe ƙirji ta yi salati.

Ta ɗauki jug ta ƙara mini zoɓo.

"An sa ka a maƙwabta? Wallahi Lukmanu ba shi da kirki. Na ce masa ya bar ka da hularka."

Na dube ta. "Kin ce masa?"

"Ni na ce a ɗauko hanyar mota. Jamalu bai ma tuna da ita ba, shi ya manta yadda damina take yi da hanyar nan."

"Wato kin sani."

"Gonar ubana ce, Alhaji. Ya za a yi talla ban sani ba?"

Ta gyara mayafinta. Muryarta ba ta tashi ba, kamar tana faɗin kuɗin gishiri.

"Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ka sha wahalar hawa bene. Da bidiyon farko ya je, Jamalu ya kira ni. Ya ce, Yaya, na kalli mutumin nan. A ɗaki yana magana kamar mai karanta wasiƙar wani. A injin casa yana ta duba agogo. Amma da aka kai shi bakin kanal, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar Baba a hannu yana murzawa, ki ga fuskarsa. Ya ce, Yaya, ni a duk faifan nan wuri ɗaya na ga soyayya, kuma ba ke ake kallo ba."

"Yaro ne, me ya sani?"

"Haka na ce masa. Na yi masa faɗa, na kashe waya. Sai na sa Lukmanu ya kawo mini wajen na kalla. Na sake kalla." Ta ɗan yi murmushi. "Tun da kake zuwa soron nan ba ka taɓa kallona haka ba."

"Haba Baraka. Manomi da ƙasa ai..."

"Na sani. Mijina na farko ma manomi ne. Ba laifi na ce ka yi ba. Mutanen gari ne suke cewa Maharazu ya gaji da biyan haya, ya ga aure ya fi araha. Inna ta ji a gidan suna, ta dawo ba ta ci abinci ba. Ni ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba, don ban sani ba. Na yi zaman aure sau ɗaya na san daɗinsa, ba zan shiga na biyu ina zargin ko ni ce gyaran da ake ɗorawa a kan mudu ba. Shi ya sa muka yanke shawara ni da Jamalu da Inna. Za a sayar da gonar kafin a sa rana. In an sayar, ni kaɗai na rage, ni da 'yata da akwatina. Sai mu ga wanda zai zo soro."

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce a sayar mana, ko a kyautar, ke nake so. Maganar tana nan, na san ta, na sha gaya wa samari irinta in sun zo neman shawara. Amma kafin ta iso bakina wata ta riga ta fita. Na ji muryata tana cewa:

"To ruwana fa? In mai sayen ya toshe ta sama, ta ina zai iso tawa?"

Can cikin gida ana ta daka.

Baraka ba ta yi fushi ba. Da ta yi fushi da na samu abin kamawa. Ta dube ni kawai, irin duban da nake yi wa samfurin da na riga na san ba zan saya ba amma ina tausayin mai shi.

"Tambaya ce mai kyau," ta ce. "Sai ka yi wa Alhajin Kumbotso."

"Ba haka nake nufi ba. Bakina ne ya..."

"Ai baki ba ya ɗauko abin da babu a gida." Ta miƙe, ta ɗauki farantin ta bar mini zoɓon. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba. "Saura kashi ɗaya a gama faifan. Mai saye ya ce a zagaya da kyamara a nuna masa iyaka, kusurwa-kusurwa, don kada a yi rigima daga baya. Jamalu ba ya nan, Inna ƙafa ta ƙi, ni kuma ban san inda turakun iyakar suke ba. Duk garin nan ba wanda ya san iyakar gonar nan kamarka. Lukmanu zai je jibi da safe. In ka ga dama ka tsaya a gabansa ka nuna. In ba ka ga dama ba, ba dole."

"In na nuna fa?"

"In ka nuna, ka sayar da ita da hannunka. Sai ka zo mu yi maganar rana."

"In ban je ba?"

"Sai a sabunta maka haya. Inna ta ce har ragi za a yi maka."

Ta shige, labule ya koma ya rufe.

Na hau babur ban san na tayar ba. Maimakon in yi gida, sai na tsinci kaina a hanyar gona, hanyar nan da aka ɗauka a hankali tun daga kwalta. An sako ruwa ranar, kanal ya cika har baki, yana sauka cikin tumatirin gonarsu yana wucewa zuwa nawa ba mai tare shi. Na kashe babur na zauna a kan simintin. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Lukmanu ne ya turo:

"Alhaji, an ce in tambaye ka. Jibi in biyo maka ta gida, ko in wuce ni kaɗai?"

Na rubuta amsa na goge. Na sake rubuta wata na goge. Turakun iyakar suna nan inda na san su, na gabas yana leƙowa daga cikin ciyawa, kusa da ƙafata.